Bishiyoyi Shida na Bakin Rijiya

Bana mangwaronmu ya yi fure wata biyu kafin lokacinsa, kuma tun ranar da na gan shi gabana yake faɗuwa. Baba kuwa bakinsa ya ƙi rufuwa. Bishiya tamanin ce a lambun, gadonsu ne shi da ƙanensa Baffa, kuma shekara uku ke nan ba mu cika kwando ashirin ba. Baffa ya gaji. A gaban dangi suka yanke magana: in bana ma babu, a sare itatuwan, a yanka wurin fulotai.

A bangon ɗakin ajiya Baba yake zana ranar furen farko da ƙusa, shekara talatin ke nan. Ranakun sun jeru kamar haƙora, sai na bayan nan ne suka watse, kowace ta kama gabanta.

Na ce, "Baba, a rediyo sun ce akwai ruwa da iska nan gaba kaɗan. Mu tsinke furen nan. In an cire shi da wuri, bishiya takan sake wani."

"Ruwa a tsakiyar rani, Auta? Su masu rediyon sun taɓa dasa ko barkono?" Ya nuna ni da yatsa. "A lambun nan ba a taɓa fure. Kakanki ko da doguwar sanda bai yarda a bi ta ƙarƙashinsa ba."

Ni kuwa naci ne da ni, wurin Inna na gado shi, Allah ya jiƙanta. Kwana uku ina bin sa daga bishiya zuwa bishiya har ya ƙosa.

"Shidan nan na bakin rijiya, waɗanda uwarki ta dasa, je ki yi yadda kika ga dama. Sauran kada ki kusance su."

Na ɗauki almakashi na hau tsani. Furen yana zuba a kaina, ƙudan zuma suna zagaye ni. Baba ya juya mini baya har na gama.

Mako ya wuce, babu ko ɗigo. Mako biyu, sama fes. Bishiyoyin Baba suka ɗaure 'ya'ya ƙanana kamar wake, nawa shidan suna tsaye tsirara. Baffa ya zo ya zaga, ya tsaya a bakin rijiya yana kaɗa kai.

"Yaya, ashe ka ba wa wanzamiya lambu. Ta yi musu aski tas."

Maganar nan na ji ta har cikin raina. Kullum da safe sai na hau tsani na duba bakin rassan, ba na ganin komai. Na fara yarda cewa da hannuna na kashe abin da Inna ta bari.

Kwana ashirin da uku da tsinke furen, da la'asar, muna ban ruwa iska ta ɗauke cak. Gabas ta yi baƙi ƙirin. Kafin mu kai ɗakin ajiya ƙanƙara ta fara dukan kwanon rufi, ba ma jin maganar juna. Baba ya tsaya a bakin ƙofa, ruwa yana dukan fuskarsa, ya ƙi shigowa. Rabin awa kawai aka yi.

Da muka fito, ƙasa ta koma koriya da 'ya'yan mangwaro. Muna takawa suna fashewa. Baba ya duƙa ya ɗebo cikin hannu, ya daɗe yana kallo, sannan ya zuba a aljihu. Ban san me zai yi da su ba.

Bayan kwana goma Baffa ya iso da mai injin sare itace. Baba bai roƙe shi ba. Ya kama hannun rigarsa ya ja shi bakin rijiya, ya janyo reshe. A bakin kowane reshe akwai toho ja, sabon fure yana leƙowa.

Baffa ya duba sama, ya duba ƙasa. "Shida cikin tamanin, Yaya."

"Na sani."

"Magana magana ce. Waɗannan zan bar su, da rijiyar. Sauran..."

"Na ce na sani."

Inji ya tashi daga can ƙarshen lambu. Ni na yi gaskiya, amma wallahi ban ji daɗi ko ƙwayar zarra ba. Da bishiyar farko ta faɗi, Baba ya shiga ɗakin ajiya, na bi shi. Ya zaro ƙusar daga tsagar bango, ya tsaya gaban ranakunsa. Na ɗauka zai rubuta. Sai ya miƙo mini.

"Karɓi, Auta. Ke za ki riƙa rubutawa. Ni na daina gane shekara."