Ranar da Inna Ta Shiga Dam

Jarkokin da aka jera a kan igiya sun ɗan sunkuya, bakunansu na kallon ƙasa kamar ana jan su daga can ciki. Muhsina ta lura da haka tana shimfiɗa tabarma, sai hankalinta ya koma kan kular nama da ke neman kifewa.

Dam ɗin na Alhaji Lawwali ne, ɗan kasuwar hatsi, aminin marigayi mahaifinsu. Ya datse ruwan wani kwari a bayan gari saboda lambunsa, amma da Sallah yakan bar 'yan uwa da abokan arziki su zo shan iska. Dokarsa ɗaya ce: kada kowa ya wuce igiyar jarkoki. Da rani ya sa aka ja ta, aka nutsa duwatsu suka riƙe ta daidai inda ruwa ke kai wa babban mutum ƙirji. Bana kuwa Sallar layya ta faɗo tsakiyar damina.

Muhsina ba ta taɓa ganin ruwa haka ba. Ɗazun nan suke cikin hayaniyar unguwarsu ta Gawon Nama, yanzu ga shi shimfiɗe gabanta, shiru, gajimare kwance a cikinsa, balbelu jere a wancan ƙetare. Ta daɗe tsaye tana kallo.

Mahaifiyarsu, Inna Lantana, tana kan kujerar roba, ta miƙe ƙafafunta masu ciwon gwiwa. Sa'ad, yayan Muhsina, ya tuɓe babbar riga ya naɗe wando.

"Inna, yau ɗanki za shi zama kihi."

"Kihi mai tumbi?" in ji Inna. "Kai da ko randa tsoron leƙawa kake."

"Haba, Inna! Da ƙaramar Sallah har bakin igiya nit tahi, ruwa iyakacinsa nan." Ya dafa ƙirji, ya miƙa wa Muhsina wayarsa. "Ke, ɗauke ni, kada ki yanke min kai."

Ya shiga yana wasa da ruwa. Ya kai masa gwiwa, ya kai ƙugu. Ta cikin wayar Muhsina ta ga ruwan ya kai ƙirjinsa, alhali igiyar na can gaba da sauran tafiya. Ya waiwayo yana dariya, ya ci gaba, don ai bai karya doka ba. Nan ta gane. Jarka ba ta nutsewa: da ruwan damina ya ƙaru, sai ya ɗaga igiyar gaba ɗaya, tana nan a wurinta na da, ƙasa kuwa ta yi nisa.

"Yaya, dawo!"

Ya ƙara taku ɗaya, ya ɓace. Hannu ya fito, ya koma.

Bakin dam ya kaure da salati. Maza suka yi ta kai da kawowa, babu wanda ya iya ruwa. Wani ya kama bakin igiyar yana ja, duwatsun suka ƙi. Wani na ihun a kira Alhaji.

Sai Muhsina ta ga hijabi yashe a kan kujerar roba.

Inna ta riga ta kai bakin ruwa, ta tamke zanenta. "Inna, gwiwarki!" in ji Muhsina. Ko waiwaye ba ta yi ba. Ta miƙa hannuwa ta shige, ruwan ya rufe bayanta ba ko fantsama.

Muhsina ta ƙura wa ruwan ido. Ta san an haifi Inna a wani ƙauyen masunta can gaba da Argungu, kamar yadda mutum ke sanin sunan kakansa, sani ne kawai. Tun da ta buɗe ido ba ta ga matar nan da ruwan da ya wuce bokitin wanka ba.

Kan Inna ya ɓullo kusa da jarkoki, Sa'ad na fafutuka a gabanta. Ya cakumo ta. Ta sulale ƙasa kamar ba ta da ƙashi, ta ɓullo ta bayansa, ta sarƙafo haɓarsa da hannu ɗaya, ta kwantar da shi rigingine. Ta taho da shi a hankali, ƙaton mutum, ƙafafunta na shurin ruwa ba gaggawa. Fuskarta a sake take, irin sakewar da Muhsina ba ta taɓa gani a kanta ba, ko a ranar biki.

Maza suka tare su inda ƙafa ke taɓa ƙasa, suka ja shi waje. Ya yi ta aman ruwa, yana tari, yana kuka kamar yaro.

Alhaji Lawwali ya iso yana haki, hularsa a hannu. Ya dubi igiyar, ya dubi ruwan.

"Innalillahi. Da rani munka auna ta. Kowa shi hito! Ba mai sake shiga sai an matso da ita." Ya juya ga Inna. "Hajiya, shekarun da nike shiga gidanku... ina kinka koyi wanga abu?"

Mata suka kewaye ta, kowace da tambayarta. Inna ta durƙusa, ta ɗora tafin hannu a ƙirjin Sa'ad, ta bar shi nan har numfashinsa ya daidaita. Sannan ta miƙe, ruwa na ɗiga daga furfurarta. Ta tsaya tana duban dam ɗin, ya koma lumui kamar babu abin da ya faru.

Muhsina ta miƙa mata hijabi da hannu biyu, ta kasa haɗa ido da ita. Inna ta matse bakin zanenta, ta saka hijabin, ta ɗauki takalmanta a hannu, ta bi 'yar hanyar da ta ratsa masara zuwa inda aka ajiye mota.