Ƙyallayen Inna

Ina tsakiyar yi wa wata mata kitso na ji warin kalanzir ta saman katanga. Na saki kan matar na fita ko takalmi babu.

A tsakar gidan maƙwabciyata na tarar da Auta, ɗanta direban motar haya, ya tara buhunan ƙyallaye bakwai wuri guda. Jarka na hannunsa, har ya yayyafa wa biyu. Uwar tasa, wadda duk unguwa ke kira Inna Mai Ƙyalle, tana tsaye a bakin ƙofar ɗaki ta dafe bango, ƙirjinta na wani irin kuka kamar tsohon famfo.

Na tambaye shi ko lafiya. Ya ce daga asibiti suke, likita ya nuna masa hoton huhunta, ƙurar yadi ta cika shi. Ya ce shekara shida yana kallonta tana kwaso sharar mutane, yau kam ya gaji.

"Yaya, ki matsa. Ko su ko ita."

Na ce masa rabin yadin nan roba ne, in ya kyasta ashana hayaƙin ba zai bar ta ta kai la'asar ba. Ya dube ni, ya dubi uwarsa.

"Auta," Inna ta ce, da ƙyar muke jin ta, "ka bari na gama ruwan."

Ya dire jarkar ya fice.

Bayan unguwarmu akwai masana'antar ɗinka kaya, gabanta kuma layin teloli da 'yan gwanjo. Duk abin da almakashi ya rage, da rigunan da suka ƙi sayuwa, a rafin da ya ratsa mu ake zubarwa. Wata damina tsummokara suka toshe ƙarƙashin gada, ruwa ya shigo gidaje, ya rushe ɗakin da Inna ta yi aure a ciki. Tun daga nan ta fara shiga rafin da sanda mai ƙugiya. Tana wankewa, ta shanya, ta ware launi-launi. Daga baya teloli suka riƙa tara mata nasu. Yara na yi mata dariya, ita kuma ta ce ai ta fi kowa sutura a garin, sakawa ce kawai ba ta yi.

Da farko shimfiɗu da jakunkuna take yi. Sai ta kama wani babban aiki da ya cinye bangon ɗakinta kaf, hoton rafin da take ɗinkawa da ƙyallaye, yadda ta same shi tana amarya, da kifaye, da mata masu wanki. Wata malama daga gidan baje kolin zane ta gani, ta ce za ta zo ranar Asabar ta ɗauka, ta rataye shi inda masu masana'antu za su gani. Saura kusurwa ɗaya ta ƙasa, inda ruwan ke fita.

Wannan rigima ranar Talata ce. Laraba da Alhamis na rufe shagona na zauna da ita. Na ɗaura mata ƙyalle mai tsabta a hanci, tana ture shi. Ni ke zura mata zare, ita ke soka allura, tana hutawa bayan kowane ɗinki uku. Shuɗi kawai take nema, kuma ba kowane ba. In na miƙa mata guntun wando sai ta girgiza kai, wai wannan ruwan rijiya ne, ba na rafi ba. Auta yana shigowa da magani, ya ajiye, ya tsaya a ƙofa. Duk tarin da ta yi sai na ga ya runtse ido.

Ranar Juma'a da hantsi numfashin ya tsananta. Na kira shi a waya, ya ce yana tsallaken gari cikin cunkoso, in riƙe ta. Na jingina ta da ƙirjina ina mata fifita. Ta tambaye ni ko ya zo, na ce yana hanya. Ta sake tambaya, na sake faɗa.

"'Yar nan, kar ki yi masa faɗa. Tsoro yake ji."

Daga nan ba ta ƙara magana ba. Lokacin da na ji tsayuwar motarsa a bakin titi, ta riga ta cika. Ya shigo da gudu, ya ga fuskata, ya zauna a ƙasa cikin zare da guntayen yadi.

Malamar ta zo ranar Asabar, ta tarar da masu gaisuwa. Ta yi ta'aziyya za ta juya, Auta ya tsayar da ita. Ya ce aikin bai ƙare ba, faɗin tafin hannu biyu ya rage. Ta ce haka za ta rataye shi. Shi da kansa ya hau kujera ya zare ƙusoshin.

Motarta ba ta shiga lungunmu, sai muka naɗe shi muka ɗauka mu biyar a kafaɗa, Auta a gaba. Ya yi nauyi fiye da yadda na zata. Da muka shiga layin teloli, na farko ya ɗago kai ya cire ƙafarsa daga kan keke, na kusa da shi ma haka. Har muka kai titi ba a jin komai sai takunmu.