Kwanon Feride

Efren ya mayar wa gidan Bahtiyar kwanonsu, kuma bai mayar da shi wayam ba. Daga nan komai ya lalace mini.

Ni Hayrettin, tumatir nake nomawa a rumfunan leda a ƙauyenmu, bayan garin Kumluca. Aji uku na yi a makaranta na fito, saboda haka ban iya kwana-kwana da magana ba. Bahtiyar maƙwabcina ne, katanga ɗaya ta raba mu, kuma shekara shida ban yi masa sallama ba. Reshen ɓaurensa ne ya tsallako ya yaga mini leda, na ɗauko zarto na yanke reshen. Shi ya ce rassa bakwai na yanke. Ni ban ƙirga ba. A gidan shayi, gaban mutane, ya kira ni mahaucin itace. Ni kuma na kama gashin bakina na ce ranar da ƙafata ta sake taka tsakar gidansa, a aske wannan. Zeki wanzami yana zaune a wurin, ya ce ya ji, kuma kyauta zai yi aikin.

Ana gobe rigimar, Feride matar Bahtiyar ta aiko mana da kunun Ashura a kwanon tangaran mai shuɗin baki. Mun shanye. Kwanon maƙwabta dai ba a mayar da shi wayam, sai an zuba wani abu a ciki. Na ce ko ƙwayar gishiri ba za ta fita daga gidana zuwa can ba. Nermin matata ta ce ita kuma ba za ta aika da kwano wayam a yi da ita a gari ba. Sai kwanon ya zauna a saman kabad shekara shida, da harafin farko na sunan Feride a gindinsa, an rubuta da jan farce.

Ƙungiyar manoma ce ta kawo mana Efren daga ƙasar Filifin, ya yi wata shida yana koyon noman tumatir a rumfa. Magidanci ne mai 'ya'ya biyu, amma in ka gan shi ba za ka ba shi shekara ashirin da biyar ba. Muka sauke shi a ɗakin ɗanmu da ya tafi soja. Ranar da ya iso ya kama hannuna ya ɗora a goshinsa, kamar yadda yaranmu suke yi ranar sallah. Na ce da Nermin wannan yana da tarbiyya. Yana kirana Baba, yana kiranta Inna, kuma aiki bai taɓa ba shi tsoro ba.

Da safe Nermin takan jera masa burodi da cuku da zaitun da zuma. Ya cinye duka ya yi godiya, sannan ya zagaya kicin ya buɗe tukunyar shinkafar jiya, don a wurinsa in ba a ci shinkafa ba, ba a karya ba. Nermin ta daina jin haushi, ta koma dafa shinkafa da asuba.

Abin da ban gane da wuri ba shi ne, Efren ba ya cewa a'a. Ranar farko ya sha shayi kofi goma sha ɗaya. Bai san ana kifa cokali a bakin kofi in an ƙoshi ba, Nermin tana ta zubawa, shi yana ta sha yana murmushi, gumi yana zuba. Na yi dariya a lokacin. Da na san abin da ke tafe da ban yi ba.

Shi ne ya zama ɗan aiken Nermin a unguwa. Ya kai wannan kwano, ya dawo da wancan, har ya haddace na kowane gida. Wata Juma'a matarsa ta aiko masa da madarar kwakwa a gwangwani. Ya dafa shinkafa mai danƙo da sukari, irin ta garinsu, ya raba wa maƙwabta. Kwanuka suka ƙare, ya taka kujera ya sauko da na saman kabad.

"Inna, wannan na wane gida ne?"

"Na Feride, nan bayan katanga," in ji Nermin, ta ci gaba da yankan albasa.

Daga baya ta ce ita ba ta ga ya fita da shi ba. Matar da take jin na buɗe firiji alhali tana can cikin lambu.

Ni ban san komai ba sai da yamma a gidan shayi. Bahtiyar yana teburinsa, ina nawa. Bai dube ni ba, Zeki ya duba.

"Zeki, ka gaya wa wani mutum shinkafarsa ta yi daɗi. Sukari ne ya ɗan yi yawa. Amma ta yi laushi, dole ta yi, shekara shida tana kan wuta."

Aka kwashe da dariya. Zeki ya juyo wurina yana shafa haɓa.

"Hayrettin, ashe ka sauko? Ai da ka faɗa mana, da mun raka kwanon da ganga."

Na ajiye kartata na tafi gida. Na tarar da ganyen inabi naɗe da shinkafa a kan tebur, ina faɗa ina ci, don yunwa nake ji. Na ci bakwai kafin na ga shuɗin bakin kwanon.

"Wannan daga ina?"

"Daga inda kwanon ya fito," in ji Nermin. "Ka ci ai, Maigida. Yanzu sai ka faɗi abin da za a zuba a mayar."

Na kira Efren. Na yi masa bayani da baki da hannu, har na nuna masa kututturen rassan ta saman katanga. Na wanke kwanon da hannuna, na goge, na miƙa masa.

"Ka kai shi haka. Wayam. Ka ji?"

"To, Baba."

Ya fita. Ashe ta rumfata ya bi, ya cika kwanon da tumatirin da na ware don kasuwar Litinin. Washegari kwano ya dawo da busasshen ɓaure, na wannan itacen. Bahtiyar ya ce a gidan shayi bai taɓa ganin mai neman sulhu da naci irin nawa ba.

Karo na biyu na raka Efren har bakin ƙofa, na tsaya ina kallonsa ya sha kwana da kwano wayam. Ƙwai shida ne a aljihun rigarsa. Feride ta mayar da kwanon da man shanu.

Na tare shi a rumfa yana ɗaure tumatir.

"Kai, ba to ka ce mini ba?"

"Na ce, Baba."

"To ɗin me?"

"To, na ji ka. A garinmu ba a ce wa babba a'a."

"Amma ana yi masa a'ar?"

Ya yi murmushi ya ci gaba da ɗauri. Can ya ce, "Kwano wayam kunyar Inna ce, Baba. Kuma ni nake riƙe da shi, fuskata suke gani. Baffa Bahtiyar ma ya ce in gaishe ka."

"Bai ce ba."

"Ya kusa cewa."

Wata biyu kwanon nan yana zirga-zirga. Na hana, ya ce to. Na ɓoye shi a cikin buhun taki, Nermin ta ce wai kaza ce ta tono shi. Mata biyu da suka yi shekara shida suna gaisawa da ido kawai suka shiga gasar girki ta hannun mutumin Filifin. Efren ya yi ƙiba. Ni ma na yi, ba zan ɓoye ba, Feride ta iya ganyen inabi. Amma duk cokalin da na kai baki, gidan shayi ya sani kafin la'asar, kuma duk gari ya yarda ni na fara sunkuyar da kai.

Wata Asabar da hantsi na shigo na tarar da kwanon a kan tebur, an wanke, Nermin tana murza ƙullu za ta cika shi. Efren yana gefe yana jira da tsumman rufi a hannu. Raina ya ɓaci. Na ce aikin da ka ba wani ya ƙi yinsa, kai ne za ka yi. Na fisge kwanon.

"Maigida, ina za ka?" in ji Nermin.

"Zan kai masa abinsa wayam, in ajiye a gabansa, ya san daga hannun wa ya fito."

Nermin ta dubi Efren, Efren ya dubi Nermin.

"Baba," ya ce, "ka tabbata?"

"Ka ce to kawai, ai ka iya."

"To, Baba."

Ban tsaya tunani ba. Na zagaya katanga, na tura ƙyauren Bahtiyar da ƙafa, na shiga har tsakiyar gida, kwano a sama. Sai a nan na tuna watan da muke ciki. Ranar rabon kunun Ashura ce. Ƙatuwar tukunya a kan wuta ƙarƙashin ɓaure, Feride da ludayi, rabin unguwa a tsaye da kwanuka. Kowa ya juyo ya dube ni.

Na buɗe baki zan faɗi abin da na tanada. Feride ta riga ni. Ta karɓe kwanon daga hannuna kamar jiya ta ba ni shi, ta cika shi da kunu, ta barbaɗa rumman da kirfa a sama, ta mayar mini.

"Allah ya karɓa, maƙwabci. Ka gaida Nermin."

Kunun Ashura ba a ƙinsa, ko daga hannun wa ya fito. Na tsaya riƙe da kwano yana ƙona mini yatsu. Sai na ji muryar Zeki daga layin masu jira.

"Hayrettin, ba ina so in ɓata maka rana ba ne. Amma dubi inda ƙafarka take."

Na duba. Duka biyun suna tsakar gidan Bahtiyar.

"Kayan aikina suna shago," in ji Zeki. "Minti biyar."

Bahtiyar ya taso daga gindin ɓaure. Karo na farko cikin shekara shida ya yi mini magana kai tsaye.

"Zauna, mahauci. Kujerar nan ta fi inuwa. Da inuwar ta fi haka, amma wani ya rage mata rassa bakwai."

"Shida," na ce.

"Ashe ka ƙirga."

Ina iya cewa an yaudare ni, amma ba wanda ya ja ni, da ƙafata na shigo. Na zauna. Efren ya iso da Nermin, ya karɓi kwanon daga hannuna don kada kunu ya zube, ya kama hannun nawa ya ɗora a goshinsa. Na ce ya matsa. Ya ce to, bai matsa ba.

Bahtiyar ne ya riƙe madubi. Shekara talatin da ɗaya ina kiwon gashin bakin nan, ina shafa masa mai, ina murɗa bakinsa. Zeki ya sauke shi a minti huɗu, ya share shi zuwa gindin ɓauren. Nermin, wadda ba ta taɓa ganin leɓena na sama ba tun da aka ɗaura mana aure, ta dube ni ta daɗe, sannan ta ce ashe da ƙanwata nake kama.