Motar da Ba Ta Jin Hannunsa

Motar ta sake yin ƙara, ɗit-ɗit-ɗit, allon gabanta ya nuno hoton hannu biyu da jan launi. Tsohon direban ya dubi hannayensa. Ga su nan a kan sitiyari, inda suka saba zama shekara talatin da ɗaya.

A kujerar baya likita tana ta rubutu a littafinta. Shekara tara yana kai ta ƙananan asibitocin kamfani, kuma a motarsa kaɗai take iya rubutu layi bai karkace ba. Abin alfaharinsa ke nan a duniya, ko da yake bai taɓa faɗa wa kowa ba.

Da rana manajar motoci ta kira shi ofis, ta tura masa takarda.

"Baba, gargaɗi arba'in da biyu a mako ɗaya. Na'ura ta ce kana sakin sitiyari."

"Ranki ya daɗe, ni? Ko atishawa zan yi ba na saki."

"Ni ban ƙaryata ka ba, amma takarda ake dubawa a sama. In aka sake, za a sauke ka daga tuƙi."

Abin ya yi masa ciwo ƙwarai. Ya wuce gareji ya samu makanike yana goge hannu da tsumma, ya zayyana masa komai. Makaniken ya yi dariya har da riƙe ciki.

"Ai ba taɓawa take ji ba, Baba, murɗawa take ji. Kai kuwa kana riƙe da ita kamar ƙwai, a miƙaƙƙen titi ko motsi ba ka yi. Sai ta ɗauka ba kowa. Wasu gorar ruwa suke ɗaura mata a sitiyari, nauyin ya sa ta ɗauka hannu ne."

"Allah ya kiyaye. In yi wa mota ƙarya da furfurata?"

"To ka riƙa ɗan girgiza ta lokaci-lokaci, ta san kana raye."

Maigidan da ya koya masa tuƙi ya sha buge masa hannu a kan wannan girgizar. Sai da ya shekara biyu kafin ya rabu da ita.

Da yamma shi da likita suka kamo hanyar dawowa daga wani asibitin. Titi ya miƙe, ya ƙirga goma a zuci, ya ɗan murɗa hagu, ya dawo. Ya sake ƙirgawa. Motar ta yi tsit, ko sau ɗaya ba ta yi ƙara ba.

A madubi ya ga likita ta tsaya tana duban shafinta. Ta sake gwadawa, sannan ta rufe biro ta ajiye littafin a gefe.

"Baba, lafiya hannunka kuwa yau?"

"Lafiya lau, likita," ya ce. "Yanzu ne ma aka ce na iya."

Ya ƙirga goma, ya murɗa.