Allurar da Rekiya Ta Ƙi Yi

Rekiya ta dawo ƙauyensu da ke bayan Kadawa a watan da ake yankan alkama, shekarar 1976. Shekara uku ta yi a makarantar jinya a Kano. Ta ci jarrabawar rubutu, amma a ta gwaji, gaban gadon majiyyaci, ta rikice har mai jarrabawar ta ce ta dakata. Aka ce ta koma gida, ta dawo bayan damina ta sake. Kafin nan ba ta da rajista, ba ta da lasin.

Mutanen ƙauye ba su san wannan bambanci ba. Sun gan ta da farin takalmi da agogo, suka fara kiranta Nas. Tun da aka haƙa magudanan ruwa zazzaɓi da tsargiya suka yi yawa, don haka kullum akwai mai sallama a ƙofar gidansu. Takan wanke gyambo, ta ɗaure rauni, ta ce a tafi asibiti. Allura ce ba ta taɓawa. Sista Kubra, malamarsu, ta ja musu kunne cewa duk wadda ta yi allura a waje ba rajista, aka samu matsala, sunanta ba zai taɓa shiga littafin rajista ba.

Wata safiya Baffa Gidaɗo, ƙanin mahaifinta, ya shigo da ƙunshi a hannu. Shi ne ya tsaya mata lokacin da dangi suka ce karatun ya isa haka. Lauje ya sari matarsa Tambaya a dunduniya wajen yankan alkama, ta ci gaba da ratsa ruwan fadama tana kai nono, yanzu ƙafar ta kumbura. Ya kwance ƙunshin. Kwalaben fanisilin ne da sirinji, ya sayo a kasuwar Kura.

Rekiya ta bi shi. Tambaya na kwance a tabarma, jikinta kamar garwashi, kumburin ya wuce gwiwa, wani jan layi ya miƙe zuwa cinya. Rekiya ta wanke wurin da ruwan gishiri, ta ɗaure.

"Baffa, wannan sai asibiti. Yau ɗin nan."

"To, yi mata allurar tukuna."

"Ba zan iya ba, Baffa. Ban san inda maganin nan ya kwana ba. Akwai kuma wanda jininsa ba ya karɓarsa, nan take numfashi ya ɗauke. In hakan ta faru ba ni da abin taimakonta."

"A Kano ba ki yi wa mutane ba?"

"Na yi. Amma da likita, da Sista a kaina."

Ya dube ta. "Rekiya, tsoron ranta kike, ko tsoron takardarki?"

Ita kanta ba ta iya raba su ba. Tambaya ta buɗe ido ta ce, "Malam, ƙyale yarinyar nan. A kai ni."

Samun mota ya cinye yinin. Direban ma'aikatan magudanan ruwa, da yakan taimaka da mota, ya tafi Bunkure, sai bayan la'asar wata akori-kura mai ɗaukar tumatir ta yarda ta ɗauke su. Rekiya ta zauna tsakanin kwanduna, kan Tambaya a cinyarta, tana jiƙa mata leɓe. Ƙunshin yana aljihun Baffa, tana ganin tudunsa. Da suka hau kwalta Tambaya ta fara sambatu, tana kiran sunayen shanu. Rekiya ta buɗe baki za ta ce a tsaya, a ba ta sirinjin, sai ta kasa.

A asibiti aka ba Tambaya gado, aka yi mata allurar fanisilin, irin ta aljihun Baffa. Jikinta ya karɓa lafiya. Ta kwana biyu, a na uku ta cika.

Rekiya ta tare likitan a baranda ta tambaye shi, da an yi allurar tun da safe a gida, da ta tashi? Ya ce ciwon ya riga ya shiga jini kafin su zo, amma ba zai iya cewa tun yaushe ba. Ya ce abin da ta yi shi ne ƙa'ida. Ta yi godiya, ta koma ta taya haɗa kayan mamaciya.

Baffa Gidaɗo bai yi mata faɗa ba. Wajen zaman makoki ta durƙusa ta yi masa gaisuwa, ya amsa kamar yadda ya amsa wa kowa. Daga nan ya daina shigowa gidansu in tana nan. Masu sallama da safe suka ragu. A bakin rijiya ta ji wata na cewa boko ya cire mata tausayi. Mahaifinta ya ce ta yi haƙuri, kwana ne ya ƙare, amma shi ma bai taɓa ce mata ta yi daidai ba.

Ta so ta fasa komawa Kano. Mahaifiyarta ce ta haɗa mata akwati, ta ce, "In kin zauna, me kika gyara?"

Ta sake jarrabawar ta ci. Aka shigar da sunanta, aka tura ta wani asibiti can gabashin jihar. Kafin ta tafi ta je ta sami Baffa a garke yana tufka igiya. Ta durƙusa ta gaya masa.

"Madalla," ya ce. "Allah ya sa ki amfani mutane."

Ta jira ko zai ƙara wani abu. Wani maraƙi ya tsinke ya nufi gonar albasar maƙwabta, ya ajiye igiyar ya bi shi. Ta ɗan zauna a wurin, sannan ta tashi, don motar Kano ba ta wuce azahar.