Tsokar da Ta Hana Mubaraka Sujada

Wata takwas ke nan goshin Hajiya Mubaraka bai taɓa ƙasa ba. A kan kujera take salla, ta ɗan duƙar da kai a madadin sujada. Ta san ya halatta, amma duk sanda ta sallame sai ta ji kamar daga bakin ƙofa ta yi gaisuwa ta juya. Ciwon daga ƙugu yake tasowa, ya ratsa ya sauka cinyar dama. Sau biyu ana ɗaukar hoto, likita yana cewa ƙashi lafiya lau.

'Yarta Asma ce ta matsa mata ta je wurin Olive Jang, 'yar Filato, ma'aikaciyar gashin ƙashi da ke koyar da motsa jiki na yoga ranar Asabar a garin Germantown, kusa da Washington.

"Ni fa ba zan duƙa wa rana kamar masu yoga ba," in ji Mubaraka tun ba ta cire takalmi ba. "Sujadar Allah ma ta gagare ni."

Olive ta yi dariya. "Mama, ni 'yar zumuntar mata ce a cocinmu. Ki kwanta kawai."

Ta kwantar da ita rigingine, gwiwoyi a lanƙwashe, ta nutsa yatsu a gefen mararta a hankali. Mubaraka ta saki salati.

"Ga ta nan. Tsoka ce, sowas ake ce mata. Daga ƙashin baya ta taso, ta bi ta bayan hanji ta kama cinya. Ita ke naɗe mutum in ya tsorata. Masu yoga kuwa cewa suke bayan wannan jikin akwai wani da ido ba ya gani, mai hanyoyin da numfashi ke bi, wai a daidai nan tsoro ke taruwa ya toshe hanya."

"Jiki ɗayan ma ya ishe ni."

"Ban ce ki yarda ba. Yaya kike zama in kina karanta labarai?"

Shekara ashirin da uku Mubaraka tana karanta labarai a sashen Hausa na wani gidan rediyo a Washington. A makonta na farko wani tsohon ma'aikaci, Malam Gaji, ya koya mata dabara. In labarin mutuwa ya zo, murya ba ta rawa: sai ta ɗaga gwiwa ta tokare ƙarƙashin tebur da ƙarfi har ta wuce adadin gawawwaki. Tun tana yi da niyya har ta daina sanin tana yi. Mubaraka ta ɗaga gwiwar dama ta nuna wa Olive.

Olive ta janye hannunta.

"Da muryarki na ji mahara sun shiga ƙauyenmu," ta ce can. "Ina tuƙi a kan babban titin 270, zan tafi aiki. Kika ce mutum goma sha tara, kamar mai faɗin farashin masara. Na daɗe ina jin haushinki, Mama. Ashe a nan kika ajiye su."

Mubaraka ta laluba ranar a ranta, ba ta same ta ba. Irinta sun yi yawa. Tana neman abin faɗa sai ƙafar ta kama karkarwa da kanta.

"Ke, me kika yi mini?"

"Ba ni ba ce. Ki ƙyale ta, kar ki danne."

Ta ƙyale. Ƙafar ta yi ta kaɗawa, hawaye na gangarawa cikin kunnuwanta. Olive na riƙe da idon sawunta.

Ba a ranar ta warke ba. Asabar bakwai ta yi tana zuwa. A wurin aiki ta ja kujera nesa da tebur, ranar da jirgin ruwa ya kife da 'yan kasuwa muryarta ta tsinke a tsakiyar labari. Edita ya ɗago ta bayan gilashi ya dube ta.

Wata la'asar a gida ta ture kujerar, ta tayar da salla a tsaye. Da ta zo sujada ta sauka a hankali, gwiwa ɗaya, sannan ɗayar, har goshinta ya ji laushin darduma. Ta daɗe a nan, har Asma da ke wucewa ta tsaya cikin fargaba. Sauran raka'o'in a zaune a ƙasa ta ƙarasa su, kowacce da sujadarta.

Da ta sallame ta miƙa hannu.

"Zo ki ɗaga ni, ke kuma kin tsaya kallo. Saukar na koya, ba mu zo kan tashi ba tukuna."