Dubiyar da Ta Zo daga Ofishin Jakadanci

Injiniya na cikin goge wa Mama goshi da jiƙaƙƙen tsumma, wani baƙo ya yi sallama a ƙofar ɗakin asibitin, da kwandon lemo a hannu. Ya durƙusa har ƙasa ya gaida tsohuwa, irin gaisuwar da 'ya'yan cikinta ma sun daɗe da dainawa.

"Daga ofishin jakadancin ƙasarmu nake," in ji shi. "Dubiya na zo, Injiniya."

Ita ce mai gwajin ruwa a ma'aikatar muhalli. Rahotonta na kan tebur, saura sa hannu: kamfanin haƙar ma'adinai na ƙasar mutumin nan yana zuba guba a kogin da ƙauyuka tara ke sha. Tana sa hannu za a rufe wurin.

Ko kusa bai ambaci rahoton ba. Sai ya zaro hoton ƙodar Mama, wanda ita kanta asibitin bai ba ta ba tukuna. Ya ce likitocin ƙasarsu sun duba, an ware gado, jirgi ranar Alhamis.

"Gwamnatinmu ba ta manta abokai," ya ce. "Gwaji kuma, ai akan sake shi."

Masu turo ambulan cike da kuɗi ta hannun direba Injiniya ta saba da su, tana fatattakarsu ko ɗar ba ta ji. Amma wannan ƙasa ce sukutum, da tutarta da jiragenta, ta sunkuyo ta leƙa cikin mahaifiyarta. Tsoro ya kama ta, tare da wani mamaki mai kama da girmamawa, har ta ji kunyar kanta.

"Wannan akwai tarbiyya," in ji Mama bayan fitarsa. "Ba kamar ƙanenki ba, mai gaida ni ta waya."

Da rana Injiniya ta nufi hukumar yaƙi da cin hanci don ta kai ƙara. Shugaban sashen dattijo ne da ake cewa ko biron ofis ba ya kaiwa gida. Ya tarbe ta da fara'a, ya ja mata kujera. Za ta buɗe baki ke nan, ya riga ta.

"Ya jikin Mama? Ki sa mata rigar sanyi mai kauri a jaka. Lokacin da suka kai matata, sanyin can ya ba ta wuya."

Can, a hankali, Injiniya ta tambaye shi ko matar tasa ta warke.